Yarona yana shiɗewa in ya yi kuka har ya sume, wa ya taɓa ganin irin wannan?

Sabuwar Uwa ta rubuta:

Assalamu alaikum iyaye. Don Allah wanda ya san wannan abu ya taimaka mini da bayani, domin ni kam hankalina ya ƙi kwanciya.

Yarona watansa 19, shi ne na fari a wurina. Lafiyarsa ƙalau, yana guje-guje, ya fara haɗa 'yan kalmomi, ba ya ciwo sai mura irin ta yara. Matsalar a wajen kuka take. Tun yana wajen wata 10 na lura in ransa ya ɓaci yakan wangame baki zai tsala ihu, sai muryar ta ɗauke, baki a buɗe amma shiru, can sai ya ja numfashi ya ci gaba da kukansa. Ban damu ba a lokacin, don na sha ganin yara suna yin haka.

Shekaranjiya abin ya canja salo. Ya ɗauko makullin babansa yana tsotsa, na karɓe. Ya yi ƙara mai ƙarfi, ya sake yi, daga nan muryar ba ta ƙara fitowa ba. Idonsa a kaina, ƙirjinsa ba ya motsi. Leɓensa ya fara yin duhu, wani irin toka-toka, har harshen. Na kira sunansa, na sure shi na ɗaga sama, sai jikinsa ya sanƙare, ya banƙare baya, idanun suka juye, sannan ya saki laƙwas a hannuna. Babansa ya ce duk abin bai kai minti ɗaya ba, ni dai ban san lokaci yana tafiya ba. Can ya ja wani dogon numfashi, ya buɗe ido, ya yi ɗan kuka mara ƙarfi ya lafe a kafaɗata. Ba a jima ba ya zame ƙasa yana neman ƙwallonsa kamar ba shi ba. Ni kuwa ƙafafuna suka kasa ɗaukata.

Yanzu gidan ya rabu. Babansa ya ce da gangan yake yi don ya gane lagona. Surukata ta ce in ya sake in watsa masa ruwan sanyi a fuska. Ni kuma tun ranar ko wuƙa ya miƙo hannu zai ɗauka sai gabana ya faɗi kafin in ce masa a'a. Da dare ina farkawa in kara yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi.

Abin da nake so in sani: farfaɗiya ce take farawa? Zai taɓa masa ƙwaƙwalwa? Akwai ranar da numfashin zai ɗauke ya ƙi dawowa? Kuma in na kai shi asibiti me zan ce musu, tunda za su gan shi garau yana tsalle?

Maman 'Yan Uku:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, wallahi ina karantawa ina jin abin a jikina, don 'yata ta tsakiya ta yi mini wannan har na haddace shi. Ta fara tun ba ta iya tafiya ba, ta daina wajen shekara 4. Yanzu tana sakandare, kuma in ana maganar surutu da kaifin kai ita ce kan gaba a gidan nan. Na faɗi wannan da farko ne saboda na san shi kike son ji.

Nata yakan zo ne wajen wanka da wajen sa kaya. Daga baya na gano ba wankan ne kaɗai ba. Ranar da ta yi barcin rana ta ƙoshi, ko ta yi kuka ba ya kai wa can. Ranar da barci ya wuce ta ko yunwa ta fara cinta, abu kaɗan ya isa. Ki sa ido a kan naki, za ki ga yana da lokutansa.

Abin da ya fi taimakona abu biyu ne da likita ya ce in riƙa yi. Da na ga muryar ta ɗauke in kwantar da ita a ƙasa ta gefenta, kada in ɗaga ta sama. Sannan in kalli agogo. Wannan na biyun na raina shi da farko, amma shi ya dawo mini da hankalina, domin abin da nake rantsewa ya yi minti biyar, in na duba agogo daƙiƙa 30 ne ko 40. Tsoro yana ja wa lokaci tsawo.

Batun me za ki ce a asibiti, ki ɗauki bidiyo. Na san a wannan halin uwa ba ta tuna waya, don haka ki ɗora wa babansa ko duk babban da ke kusa wannan aikin. Likita ya fi gane abin daga bidiyon rabin minti a kan dogon labarinmu, mu da muke ba da shi muna rawar murya.

Ki kuma tambayi surukarki da mahaifiyarki ko wani a cikinku ya yi yana ƙarami. Ni sai da abin ya yi nisa uwar mijina ta ce ai uban yarinyar ma haka ya yi ta yi mata, tana faɗa tana dariya. Na ce Mama, da kin faɗa tun farko ai da na samu barci.

Duk wanda kike bar masa yaron, mai raino ce ko ƙanwarki ko malamar makaranta, ki yi masa bayani tun kafin ya gani da idonsa. Wanda bai taɓa gani ba, in ya ruɗe, girgiza yaron zai yi.

Hajiya Kaka:

'Yata, zuciya ce kawai. Na raini nawa na raini jikoki, a kowane ɗaki sai an samu mai irin wannan. Da kin ga ya ɗauke ki hura masa iska a fuska da ƙarfi, in bai dawo ba ki yayyafa masa ruwa, zai ja numfashi. Ba wanda na taɓa gani ya mutu da shiɗewa.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne wannan da kika ce kina tsoron hana shi abu. Nan ne ɓarnar take. Yaro ya fi ki wayo, in ya gane da ya shiɗe za a miƙo masa abin da yake so, kin shiga uku, har ya girma yana juya ki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya miki shi, ya shirya mana su baki ɗaya.

Nas ɗin Yara:

Ƙanwata, sannu da fargaba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma mun saba ganin an shigo da yaro a guje kan wannan, kafin a ƙarasa rubuta kati yana wasa da jakar uwarsa. Ba zan yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma yadda kika jero abin ya yi daidai da shiɗewar kuka, kuma jerin nan shi muke fara tambaya.

A shiɗewa dalili ne ke fara zuwa: an ƙwace masa abu, an hana shi, ya faɗi, ko ya tsorata. Sai kuka, sai numfashi ya tsaya, sai launi ya canja, suma ce ke zuwa daga ƙarshe, wani lokaci da sanƙarewa ko 'yar fizga kaɗan. Farfaɗiya ba ta bin wannan hanyar. Ita ba ta sallama, tana iya kama yaro yana tsakiyar wasa ko yana barci, jijjigar ce ke gaba, duhun leɓe ya biyo baya, kuma in ta lafa yakan daɗe a ruɗe ko cikin barci mai nauyi. Naki ya sauka neman ƙwallo. Shiɗewa kuma ba ta samun yaro yana barci, don haka gadin da kike yi wa hancinsa da dare ki sauke wa kanki shi.

Maganar da gangan yake yi, ki ce wa babansa ya gwada riƙe numfashinsa yanzu, ya lura da abin da zai fara yi. Zai ja iska ya cika ƙirji tukuna. Yaron nan akasin haka ke faruwa da shi: ihun ya fitar da iskar, sai ƙirjin ya tsaya a daidai lokacin da huhun ya kusa zama wayam. Shi ya sa cikin 'yan daƙiƙu leɓen ke yin duhu. Fushin nasa ne, wannan ba musu, amma tsayawar numfashin ba da izininsa ba ne, kuma ba zai iya sakinsa don an daka masa tsawa ba. In iskar oksijin ta ragu a jini sai ya sume, da ya sume kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da numfashi ba da saninmu ba sai ya ci gaba da aikinsa. Wato sumar nan da ta fi komai tayar miki da hankali, a daidai nan ne abin yake juyawa ya ƙare.

Ba sabon abu ba ne a wurin likitoci. A 1967 wasu likitoci biyu a Amurka, Lombroso da Lerman, suka bi dubban yara suka samu kusan kashi 5 cikin 100 suna yin mai tsananin, kuma suka raba shi gida biyu: mai sa duhun leɓe irin na ɗanki, wanda ya fi yawa kuma fushi ke jawo shi, da mai sa yaro ya yi fari fat, wanda zafin buguwa ko firgita ke jawowa. Galibi yana farawa tsakanin wata 6 da wata 18, yawancin yara sun bar shi zuwa shekara 4, kusan duka zuwa shekara 6. Yana bin jini, kamar yadda Maman 'Yan Uku ta gani a gidanta. Ba ya lalata ƙwaƙwalwa, ba ya rikiɗewa ya zama farfaɗiya. Littattafai za su ce miki yaro yana komawa shuɗi, amma a fata mai duhu ba shuɗi za ki gani ba, toka-tokar nan ce da kika gani, kuma a leɓe da harshe da dasashi ake dubawa.

In ya fara, ki kwantar da shi a ƙasa ta gefensa, ki janye abin da zai buge. Kwanciyar tana sa jini ya isa kai da sauri, riƙe shi a tsaye ko a kafaɗa kuwa yana iya ja wa sumar tsawo. Kada a girgiza shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Hajiya, ki yi mini afuwa, a wajen ruwan nan ban bi ki ba. Hura iska a fuska ba ta cutarwa, wasu iyayen ma suna cewa tana katse abin in an yi tun muryar na ɗaukewa. Amma yaron da ke gab da jan numfashi da ƙarfi, in ruwa na fuskarsa yana iya shaƙarsa ya ƙware. Kuma tunda abin da kansa yake ƙarewa cikin minti ɗaya, duk abin da aka yi a daƙiƙar ƙarshe shi za a ce ya yi magani. A batun kada a biye wa yaro kuwa, ina bayanki.

Duk da haka ki kai shi a duba shi, ko da yana tsalle. Duk yaron da ya shiɗe har ya sume a karon farko ya kamata likita ya gan shi. Za a saurari zuciyarsa, domin akwai ciwon zuciya na haihuwa da ke sa leɓen yaro ya yi duhu in yana kuka. Za a iya yin gwajin bugun zuciya, wanda ake manna wayoyi a ƙirji, ba zafi, minti kaɗan ne. Kuma ki roƙa a duba jininsa, har da ma'aunin sinadarin ƙarfe da ke ajiye a jiki, don ƙarancinsa yana da alaƙa da yawan shiɗewa. Awon ƙwaƙwalwa ba kowa ake yi wa ba, sai in labarin bai fito sarai ba.

Akwai kuma inda ba a jira. In ya wuce minti ɗaya bai farfaɗo ba, ko numfashin bai dawo ba, ko jijjigar ta ƙi tsayawa, a nemi taimakon gaggawa nan take. Haka in ya sume ba kuka ba dalili, ko da zazzaɓi a jikinsa, ko ya farfaɗo amma ya kasa komawa daidai. Jaririn da bai kai wata 6 ba in ya ɗauke numfashi ya canja launi, ba a ce masa shiɗewa ce a zauna, sai an bincika. In kuma a danginku ko na babansa akwai wanda ya yanke jiki ya rasu yana matashi ba a san dalili ba, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. Tunda kin ce makulli yake tsotsa, ki riƙe wannan ma: yaron da abu ya maƙale wa a maƙogwaro ba ya samun yin ihu mai ƙarfi da farko, sai kakari da tari mara sauti. Wannan shi ba a kwantar da shi a kalli agogo, taimakon shaƙewa ake yi masa take.

Baban Biyu:

Sista ta gama magana, Allah ya saka. Ni zan ƙara ne a kan kala na biyun da ta ambata a gurguje, don shi ɗana yake yi, kuma bai yi kama da abin da Sabuwar Uwa ta kwatanta ba ko kaɗan.

Nawa ba ya buƙatar fushi. Farkon da ya yi, yana rarrafe ne ya bugi goshinsa da ƙafar tebur, buguwar da ko ƙulu ba ta yi ba. Ya buɗe baki ya yi ɗan "eh" sau ɗaya, shi ke nan, sai ya yi fari, leɓen ya koɗe, ya zube. Ba ihu, ba birgima. Da ya farfaɗo ya jiƙe da gumi, ya yi barci sosai. Ni a raina buguwar ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, muka kwashe shi sai asibiti.

Bayanin da likita ya yi mana shi ne, akwai wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, aikinta rage gudun bugun zuciya. A wasu yara tana da saurin amsawa, zafi ko firgita na bazata sai ta ja wa zuciya birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, jini ya ragu a kai, yaro ya sume, sannan bugun ya koma daidai da kansa. An yi masa gwajin bugun zuciya don a tabbatar ba wata matsala ta gado ba ce a wutar da ke tafiyar da zuciyar, aka ce lafiya lau. An kuma ce duk ranar da za a yi masa tiyata ko aikin haƙori mu sanar tun da wuri, kuma in za a yi masa allura a yi yana kwance. Likitan ya ce wasu masu irin nasa in sun girma sukan zama masu saurin suma in sun ga jini ko sun daɗe a tsaye.

'Yar'uwa, ki miƙa wa maigidanki wayar ya karanta da kansa. Mu maza in abu ya ba mu tsoro kuma ba mu da yadda za mu yi da shi, sauƙinmu mu ce rigima ce. Malam, in kana karantawa, a lokacin da abin ke faruwa aikinka biyu ne: ka riƙe agogo da waya, kuma kada ka ɗaga murya a kan uwar ko yaron.

Sabuwar Uwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na dawo in ba ku labari. Mun je asibiti, an saurari ƙirjinsa, an yi gwajin wayoyin nan, likita ta ce zuciya lafiya. Amma jininsa ya yi ƙasa, sinadarin ƙarfen ma haka. Ta tambaye ni abin da yake ci, na ce gaskiya tun da na yaye shi madara ce abincinsa, safe da rana da dare har cikin barci, in an kawo abinci sai ya kau da kai. Ta ce in rage madarar sosai, ta rubuta masa maganin ƙarin jini na ruwa, ta ce mu dawo a sake gwaji.

Ya sake yi sau ɗaya bayan nan, a kan an kashe masa talabijin. Na kwantar da shi kamar yadda kuka ce, babansa na kallon agogo. Leɓen ya yi duhu amma bai kai ga suma ba. Baban da kansa ya ce ya lura ƙirjin a faɗe yake ba a cike ba, tun daga nan bai ƙara cewa da gangan ba ne. Anti Maman 'Yan Uku, na tambayi mahaifiyata, ashe ƙanina ne ya yi, ni ina ƙarama ban sani ba.

Sista, tambaya biyu. Kashinsa ya koma baƙi tun da ya fara maganin, in ci gaba? Kuma da gaske maganin jini zai rage shiɗewar, ko dai don jinin kawai aka ba shi? Sannan har yanzu ban iya hana shi abu ba tare da cikina ya ɗuri ruwa ba. Hajiya ta yi gaskiya, ya fara gane ni, yanzu in yana son abu sai ya kalle ni ya buɗe baki tun kafin kukan ya zo.

Nas ɗin Yara:

Madalla da kika je. Ki ci gaba da maganin, baƙin kashi abu ne da aka sani da shi, ragowar sinadarin ne da jiki bai ɗauka ba yake fita. Wasu yaran yana sa musu taurin bayan gida. Yana kuma iya ɓata haƙora, don haka ki riƙa zuba shi ta can gefen kunci, ki goge masa haƙoran bayan ya sha. Kada ki haɗa shi da madara ko shayi a lokaci ɗaya, suna hana jiki ɗaukarsa, ki ba da tazara. In kika ga jini a kashin, ko yana amai yana riƙe ciki, wannan daban ne, ki koma.

Madarar nan ita ce na fi zargi tun kafin ki faɗa. Madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe sosai, ga ta da cika ciki, yaro ya sha ya ƙoshi ya ƙi abincin da zai ba shi jini. Bayan shekara ɗaya abin da ake ba da shawara shi ne kada ta wuce kamar rabin lita a yini. Zai yi miki bore na 'yan kwanaki, yunwa za ta kawo shi.

Ko yana rage shiɗewar? Akwai hujja. A 1997 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Jodan a kan yara 67 masu shiɗewa. Aka ba wasu maganin ƙarfe na mako 16, wasu aka ba su abin da ba magani a ciki. Waɗanda suka sha maganin shiɗewarsu ta ragu da kashi 88 cikin 100, ɗaya ɓangaren da kashi 6 kacal. Yaran ba su da yawa, kuma ba kowane yaro ne yake dainawa ɗungurungum ba, amma ga wanda gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa irin naki, dalilin shan ya zama biyu. Ba a ganin canji a mako ɗaya. Kuma ko jinin ya hau kada ki tsayar da kanki, akan ci gaba na wasu watanni don ajiyar jiki ta cika.

Masu karantawa, kada wani ya je ya sayo wa ɗansa don ya ga wannan. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma in ya yi yawa guba ne mai kisa. Ƙanwata, yaron da ke ɗauko makulli zai ɗauko kwalba, ki sa ta inda ko ya taka kujera ba zai kai ba.

Maman 'Yan Uku:

Kallon nan da yake yi miki kafin ya buɗe baki, na san shi sarai. Ba shiɗewar yake ƙirƙira ba, Sista ta riga ta yi bayani, amma ya gane kuka yana sa a ba shi, kuma kukan ne ƙofar shiɗewar. In kina miƙa masa duk abin da ya nuna, kukan zai ƙaru ne, ba raguwa ba.

Ga yadda na yi da tawa. Na rage abubuwan da za mu yi faɗa a kansu: wuƙa, magani, makulli, waya, duk na ɗauke daga inda ido zai gani, don abin da ba ta gani ba ba ta nema. Wanda ba zai cutar ba na bar mata, ko ta zubar da kayan wanki ta sa takalmi a kai, ruwanta. Kafin in kashe talabijin ko in ɗauke ta zuwa wanka nakan faɗa mata saura kaɗan, don bazata ta fi tunzura ta. In kuma dole ne in hana, sai in fara zaunar da ita a ƙasa inda ba abin bugewa, in tsuguna, in ce a'a sau ɗaya in miƙa mata wani abin. In ta shiɗe in kwantar da ita in jira. Ta farfaɗo in rungume ta, in share mata fuska, ba faɗa ba dogon lallashi. Abin da na hana kuwa yana nan a hane.

Wahalar ita ce mutanen gida. Ke kin hana, wani ya ji tausayi ya miƙa masa ta bayanki. Ki zaunar da babansa da surukarki ku yi magana ɗaya, ita ma Mama ki ce likita ce ta ce a daina ruwan, za ta fi karɓa daga bakin likita a kan naki.